Rarrabuwar Ƙwayoyin Tushe a Jikin Ɗan Tayi: Darasi Daga Cutar Sikila

1.0 Gabatarwa

A garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da wuya a sami zuri'ar da ba ta san cutar amosanin jini ba, wadda aka fi sani da sikila. Iyayen da suka yi renon mai wannan lalura sukan ba da labari kusan iri ɗaya. An haifi yaro lafiya lau, an yi suna, mai jego ta gama wanka ta koma ɗakinta, jariri yana shan nono yana ta ƙiba. Sai ya kai wata biyar ko shida, lokacin da ake sa ran ya fara zama, a wayi gari bayan hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura, yana tsala kuka ba dare ba rana. Daga nan kuma an fara zaryar asibiti ke nan. A da akan danganta wannan da sanyi, ko kambun baka, ko maita, kuma ba mamaki da yawa daga cikin yaran da aka riƙa kira 'yan wabi wannan cuta ce ta yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Likitoci sun tabbatar da cewa gadon sikila ake yi daga uwa da uba, kuma yaro yana ɗauke da ita tun ranar da aka yi cikinsa. To, idan haka ne, ina cutar ta ɓuya har tsawon wata shida? Amsar wannan tambaya tana cikin wani babban sirri na halittar ɗan Adam, wato yadda ƙwaya guda ɗaya tal take hayayyafa ta zama ido da ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa. Wannan babi zai bi diddigin yadda hakan yake faruwa a kwanakin farko na ɗan tayi, sannan ya dawo ga jaririn da hannuwansa suka kumbura.

1.1 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Ɗalibin Hausa zai lura cewa kafofin watsa labarai sukan yi amfani da "ƙwayar halitta" wajen abubuwa uku mabambanta: ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, da sinadarin da ke cikin tubalin, da kuma umarnin da ke rubuce a jikin sinadarin. Wannan sakaci ne na masu fassara, kuma yana rikita mai sauraro ƙwarai. A nan an taƙaita "ƙwayar halitta", ko "ƙwaya" a gajarce, ga tubalin kawai. Sinadarin an bar shi da sunansa na DNA. Shi kuwa umarni guda, wanda yake faɗa wa ƙwaya yadda za ta haɗa wani furotin, an kira shi "jumlar gado", domin kamar jumla yake: yana da haruffa a jere, yana da mafari da maƙura, yana kuma ba da cikakkiyar ma'ana. Ƙwayar da ba ta riga ta zaɓi aiki ba, wadda za ta iya haifar da irinta ta kuma haifar da wasu iri, ita aka kira "ƙwayar tushe".

2.0 Littafi Ɗaya, Karatu Daban-daban

An ƙiyasta cewa jikin baligi yana da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, waɗanda aka saba kasawa fiye da iri 200. A cibiyar kusan kowane iri daga cikinsu akwai DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Rubutun ya kai haruffa kimanin biliyan 3, kuma mutum yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, an ɗaure su cikin kundi 46 da ake kira kuromosom. Aikin karance wannan rubutu da aka kammala a shekarar 2003 ya nuna cewa jumlolin gado masu haɗa furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, kuma ba su cinye ko kashi 2 cikin ɗari na rubutun ba.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan wata tambaya. Shin ƙwayar hanji ta zama ta hanji ne don ta zubar da jumlolin da suka shafi ido da ƙashi, ta riƙe nata kawai? A shekarar 1962 wani Bature mai suna John Gurdon, a Jami'ar Okusfod ta Ingila, ya gwada abin a kan wani irin kwaɗon Afirka. Ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin talibambam, ya dasa ta cikin ƙwan kwaɗo da aka kashe cibiyarsa. Wasu daga cikin ƙwayayen suka ƙyanƙyashe, aka sami talibambam cikakke mai ido da wutsiya yana iyo. Ashe ƙwayar hanji ba ta zubar da komai ba. A shekarar 1996 aka maimaita irin wannan a Sikotilan, inda aka haifi tunkiyar nan mai suna Dolly daga cibiyar ƙwayar hantsar wata tunkiya. Akwai 'yan togaciya, kamar jar ƙwayar jini wadda take yar da cibiyarta gaba ɗaya idan ta balaga, amma ƙa'idar ta tabbata: littafin da ke cikin ƙwayar fata shi ne ke cikin ƙwayar zuciya. Bambancinsu yana ga shafukan da kowacce ta buɗe, da waɗanda ta rufe.

Wanda ya karanci ƙirar kalma ba zai sha wahalar gane wannan ba. A rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, tushe guda kamar "say-" yana ba da saya, da saye, da sayar, da sayo, da sayu. Tushen bai canza ba, amma wanda ya sayo da wanda ya sayar ba abu ɗaya suka yi ba, ɗaya ya dawo gida da kaya, ɗaya ya dawo da kuɗi. Ɗafin da aka liƙa da karin sautin da aka ɗora su suka yanke hukuncin abin da kalmar za ta zama. Haka ƙwayar tushe take: tana da damar zama abubuwa da yawa, sai an ɗora mata wani tsari sannan ta tsaya a kan ɗaya.

3.0 Makunnai da Matsara

Kowace jumlar gado tana da wasu gurabe a jikin DNA, wasu dab da ita wasu can nesa, waɗanda su ba sa haɗa furotin. Aikinsu shi ne na makunni. Akwai kuma wasu furotin na musamman da suke gane jerin haruffan makunnin, su zo su zauna a kansa. Idan wasunsu suka zauna sai a fara kwafar jumlar ana aiki da ita, idan wasu suka zauna kuwa sai kwafa ta tsaya. Waɗannan furotin su za a kira matsara a nan. Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, su suka fara bayyana wannan tsari a 1961, a jikin bakteriya.

Manomin rani da ke cin gajiyar madatsar ruwa ta Bakolori ya san irin wannan tsari da idonsa. Madatsar, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ruwa ɗaya ta tara. Amma ruwan ba ya zuwa kowace gona a lokaci guda. Yakan bi babbar magudana, ya rabu zuwa matsakaita, sannan zuwa ƙanana, kuma a kowace mararraba akwai ƙofa da mai buɗe ta. Ko fadamar shinkafa ta sami ruwa yau ko ta kwana da ƙishi, ya danganta ga wace ƙofa aka ɗaga, da yaushe, da kuma iya yadda aka ɗaga ta. Sai dai a cikin ƙwaya akwai wani ƙari: su kansu matsaran furotin ne, saboda haka kowannensu yana da tasa jumlar gado da nasa makunnin. Matsari yana buɗe ƙofar wani matsarin, shi kuma ya buɗe ta wasu goma, ya rufe ta wasu. Ta haka matsara 'yan kaɗan suke iya juya ɗaruruwan jumloli. An ga ƙarfin wannan a 1987, lokacin da Harold Weintraub da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa matsari guda, mai suna MyoD, ya isa ya mayar da wata ƙwaya ta daban ta zama ta tsoka.

4.0 Kwanakin Farko na Ɗan Tayi

Da zarar maniyyi ya haɗu da ƙwan mace, an sami ƙwaya guda. Sai ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, a kwana na uku a sami kimanin takwas. A wannan mataki ƙwayoyin ba su ɗauki alƙibla ba tukuna. Tagwaye masu kama ɗaya shaida ne a kan haka, domin tayi guda ne ya tsage biyu a kwanakin farko, kowane ɓari ya cike abin da ya rasa, har aka sami Hasan da Husaini kowa da cikakkiyar halittarsa.

Zaɓin farko yana faruwa ne saboda wurin zama. Yayin da ƙwayoyin suka ƙaru suka dunƙule, dole wasu su kasance a waje wasu a ciki. Na wajen suna da gefe guda da ba ya taɓa kowa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa su kunna wani matsari mai suna Cdx2. Na cikin, waɗanda 'yan'uwa suka kewaye ta ko'ina, sukan ci gaba da riƙe wani mai suna Oct4. Waɗannan biyu kishiyoyin juna ne, idan ɗaya ya yi ƙarfi sai ya danne ɗayan. Saboda haka ɗan bambancin da ya fara da wurin zama sai ya yi ta faɗaɗa har ya zama rabuwa ta dindindin. Zuwa kwana na biyar ko shida, tayin ya zama kamar 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki. Bangon ƙwallon shi zai zama mabiyiya. Ɗan curin ƙwayoyi da ke maƙale a gefe guda daga ciki, daga gare shi ne dukkan jikin jariri zai fito.

Waɗannan ƙwayoyi na ciki su masana suka koyi cirowa su rena a ɗakin gwaji. Martin Evans da Matthew Kaufman a Ingila, da Gail Martin a Amurka, sun yi nasarar haka da tayin ɓera a 1981, sannan James Thomson na Jami'ar Wiskonsin ya yi da na ɗan Adam a 1998. Su ake kira ƙwayoyin tushe na tayi. Mafi yawan abin da aka sani game da matakan da ake bayani a nan daga ɓera aka fara gano shi, kuma ba kowane daki-daki ne ya yi daidai da na mutum ba, ko da yake manyan ƙa'idojin sun dace.

4.1 Yadda Ƙwaya Take Zama Ba Tare da Ta Zaɓa Ba

Mutum zai ɗauka cewa ƙwayar da ba ta zaɓi aiki ba zaman banza take yi. Abin ba haka yake ba, ƙoƙari take yi ba dare ba rana don kada ta zaɓa. Matsara uku ne suke riƙe da ita a wannan hali: Oct4 da Sox2 da Nanog. Binciken da aka buga a 2005 ya nuna cewa su ukun sukan zauna tare a kan makunnan ɗaruruwan jumloli. Kowannensu yana kunna jumlar kansa, yana kuma kunna ta sauran biyun, kamar murhu mai duwatsu uku, wanda idan aka janye dutse guda tukunya ta tuntsure. Suna buɗe jumlolin da ƙwaya take buƙata don ta ci gaba da haifar da irinta, suna kuma taimakawa wajen danne jumlolin matsaran da za su ja ta zuwa tsoka ko jijiya ko hanta.

Wani abin lura shi ne, samuwar matsari ba ta wadatar ba, sai an duba yawansa. A shekarar 2000 Hitoshi Niwa da abokan aikinsa sun riƙa ƙara yawan Oct4 da rage shi a cikin ƙwayoyin tushe na ɓera. Da suka rage, sai ƙwayoyin suka koma irin na mabiyiya. Da suka ƙara, ƙarin da bai ma kai ninki biyu ba, sai suka rikiɗa zuwa wasu iri na daban. A tsaka-tsaki ne kawai suka ci gaba da zama ƙwayoyin tushe. Ɗalibin tsarin sauti ya san irin wannan: wasalin "a" ne a cikin dafa abinci da dafa kafaɗa, tsawonsa ne kawai ya raba ma'ana.

4.2 Sakata da Kwado

DNA ɗin da ke cikin ƙwaya guda, in da za a miƙe shi, zai kai tsawon mita biyu. Don ya shiga cibiyar da ido ba ya gani, an naɗe shi a jikin wasu furotin masu suna histon, kamar yadda masaƙi yake naɗe zare a kwarkwaro. Inda naɗin ya yi sako-sako matsara suna iya kaiwa ga makunni, inda ya tamke kuwa ba sa iyawa. Ƙwaya tana liƙa wasu 'yan alamomi na sinadari a jikin histon, wasu suna nufin a sassauta, wasu suna nufin a tamke. Akwai kuma wata alama, mai suna metil, wadda ake liƙawa a kan harafin C na DNA ɗin kansa, kuma idan ta taru a kan makunni yawanci an rufe jumlar ke nan na dogon lokaci. Babu harafi ko ɗaya da ya canza a duk wannan. Alamomin kamar wasulan ajami suke, ana ɗora su a kan baƙi, su faɗi yadda za a karanta shi.

A 2006 aka gano wani abin sha'awa game da ƙwayoyin tushe na tayi. Da yawa daga cikin jumlolin da suke jagorantar gina gaɓoɓi suna ɗauke da alamomin nan biyu a lokaci guda, ta buɗewa da ta rufewa. Wato an tura ƙofa an sa sakata, amma ba a danna kwado ba. Jumlar ba ta aiki, amma a shirye take. Idan ƙwaya ta ɗauki hanyar zama jijiya, sai a zare sakatar jumlolin jijiya, a danna kwado a kan na tsoka da na hanta. Jumlar Oct4 ita ma a danna mata nata kwadon. Kuma duk sa'ad da ƙwayar ta rabu biyu, ana kwafar alamomin tare da DNA, saboda haka 'ya'yanta da jikokinta suna tashi da sanin ko su wane ne. Wannan ne dalilin da ya sa fatar mutum take sabunta kanta shekara saba'in ba tare da ta yi kuskuren tsiro haƙori ba.

Abin da yake sa ƙwaya ta san lokacin zare sakata shi ne saƙon maƙwabta. Ƙwayoyi suna fitar da wasu furotin da suke yaɗuwa a kewaye, irin su Wnt da BMP da Nodal da FGF. Wadda take kusa da mafitar saƙo tana samun mai yawa, ta nesa tana samun kaɗan, kuma kowane mizani yana kunna matsara daban. A mako na uku waɗannan saƙonni suke kasa tayi zuwa shimfiɗa uku: ta waje mai ba da fata da ƙwaƙwalwa da laka, ta tsakiya mai ba da tsoka da ƙashi da jini da zuciya da ƙoda, da ta ciki mai ba da bangon hanji da hanta da huhu. Daga nan kowace mararraba tana rage zaɓi, kamar ruwan da ya riga ya shiga ƙaramar magudana.

An daɗe ana ɗauka cewa wannan ruwa ba ya komawa baya. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan, tare da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi, suka tace matsara 24 har suka tsaya a kan huɗu: Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc. Da suka cusa su cikin ƙwayar ɓera wadda ta riga ta zaɓi aiki, sai wasu ƙwayoyin suka ɓalle kwadunansu suka koma tamkar na tayi. A 2007 aka yi da ƙwayar fatar mutum, a 2012 kuma Yamanaka da Gurdon suka raba lambar yabo ta Nobel. Wannan ya rage zafin wata doguwar taƙaddama, domin ciro ƙwayoyin tushe daga tayi yana hallaka tayin. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2003 ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe idan an same su ta halaltacciyar hanya, ta kuma hana zubar da ciki da gangan don a same su.

5.0 Komawa ga Jaririn da Hannuwansa Suka Kumbura

Furotin da yake ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, wato himogulobin, ba iri ɗaya ne mutum yake amfani da shi daga farkon rayuwa zuwa ƙarshe ba. A kan kuromosom na 11 akwai jumlolinsa a jere, kuma an jera su daidai da yadda za a buƙace su. Ta farko tana aiki a makonnin farko na ciki, sannan a rufe ta. Sai na tsakiya su karɓa, su haɗa himogulobin na tayi, wanda ya fi ƙarfin fizgar oksijin, abin da yake ba ɗan tayi damar jawo iska daga jinin mahaifiyarsa. Dab da haihuwa sai a fara rufe waɗannan a hankali, ana buɗe ta manya.

Kuskuren sikila yana cikin jumlar manya ne kaɗai. Harafi guda ne ya sauya, T ya zauna a gurbin A, kuma wannan ya isa ya sa himogulobin ya riƙa sarƙewa da juna idan oksijin ya yi ƙaranci, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Jumlolin himogulobin na tayi lafiyarsu ƙalau. A ranar haihuwa mafi yawan himogulobin da ke jinin jariri na tayi ne, shi ya sa ya yi ta ƙiba ba wata damuwa. Cikin watannin da suka biyo baya na tayi yana raguwa, mai kuskuren yana ƙaruwa, har a wajen wata shida ya rinjaya. Wato cutar tana nan tun ranar farko, shafin da take ciki ne ba a buɗe sosai ba. Wata likitar yara a birnin Niyok, Janet Watson, ita ta fara hasashen haka tun 1948.

Yawan himogulobin na tayi da yake saura a jikin mai sikila ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma yana cikin dalilan da suka sa ciwon wani ya fi na wani tsanani. Irin sikilar da ta fi yawa a Nijeriya, wadda masana suka laƙaba wa sunan Benin, ba ta barin da yawa. Ta yankin Senigal da ta gabashin Saudiyya suna barin fiye da haka, kuma masu su sukan fi samun sauƙi.

A 2008 masu bincike a Boston, ƙarƙashin Stuart Orkin, suka tabbatar da matsarin da yake rufe ƙofar himogulobin na tayi. Sunansa BCL11A. Sai tunani ya zo: maimakon a gyara harafin da ya ɓaci, me zai hana a sallami mai rufe ƙofar, a bar jumlar tayi ta ci gaba da aiki? Matsalar ita ce wannan matsari yana da wasu ayyuka a ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin garkuwar jiki, ba za a iya kawar da shi gaba ɗaya ba. A 2013 aka gano cewa jumlarsa tana da wani makunni wanda a zuriyar jajayen ƙwayoyin jini kaɗai yake aiki. Idan aka lalata wannan makunni, matsarin zai yi rauni a jini, ya ci gaba da aikinsa a sauran wurare.

Da almakashin DNA da ake kira CRISPR, wanda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012, aka aiwatar da haka. Akan tattara ƙwayoyin tushe na jini daga jikin majinyacin kansa, wato waɗanda suke zaune a ɓargo, ba na tayi ba. A yanke makunnin a ɗakin gwaji, a kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka gyara. Wata Ba'amurkiya mai suna Victoria Gray ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa haka, a 2019. Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a watan Nuwamba na 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Farashin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da wahalar watanni a asibiti da haɗarin rasa haihuwa saboda maganin kashe ɓargo.

A nan ne lissafi yake ɗaure kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin AS. Maganin da aka gina a kan wannan ilimi bai kusanci inda cutar ta fi yawa ba. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa, wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, shi ma ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Duk da haka akwai abin da ya iso. Ƙwayar maganin haidiroksiyuriya, wadda ake sha kullum, tana ƙara yawan himogulobin na tayi, wato tana ɗan ɗaga ƙofar da aka rufe. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada ta a kan yara masu sikila waɗanda awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma sakamakon da suka buga a 2022 ya nuna ko ƙaramin mizani yana ba da kariya. Magani ne da sai likita ya rubuta, yana kuma bibiyar jinin mai shansa. Gwajin rukunin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, yana tare matsalar tun daga tushe, domin idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ga ma'auratan da suka riga suka yi aure kuwa, watannin nan na farko da jariri yake cikin kariyar himogulobin na tayi su ne lokacin da ya dace a gwada jininsa. Idan an gano yana da cutar, likitoci sukan fara ba shi fenisilin kullum tun yana wata biyu zuwa uku, a cika masa alluran rigakafi, a kare shi daga zazzaɓin cizon sauro, a kuma koya wa mahaifiyarsa yadda za ta riƙa taɓa gefen hagu na cikinsa don ta gane kumburin saifa da wuri.